Tafinta a Kotun Gadarif

Shekara goma sha tara ke nan nake tsaye a nan,
tsakanin teburin alƙali da bencin talakawa,
ina ɗauko magana daga bakin Hausa
in sauke ta a kunnen Larabci.
Wata takan isa lafiya.
Wata takan tsiyaye a hanya, kamar riɗi a ɓulallen buhu.

Ran Talata, fanka ta mutu tun hantsi,
aka kira ƙara ta huɗu:
Ukasha mai awo
da Tasalla mai shayi ta ƙofar kasuwar riɗi.
Ɓata suna.

Ya shigo da farar jallabiya mai karin guga,
da mudunsa a hammata, kamar ɗan da ake tuhuma.
Ita kuwa ko mayafi ba ta gyara ba.

Me ta ce? in ji alƙali.
Shaidu uku, bakinsu ɗaya:
tana firfita gawayi, tana zuba citta,
ta ce, "Akwai wani mudu a kasuwar nan mai ciki biyu,
na saye daban, na sayarwa daban."

Na juya ta Larabci, kalma bayan kalma.
Sai ta fito fes, ba ƙaya, ba dafi,
kamar kunamar da aka yanke wa ƙari.

Lauyanta ya miƙe yana share gumi.
Ya ce doka murhu ce, duwatsu uku take so:
maganar da aka faɗa,
kunnen da ya ji,
da sunan wanda aka nufa.
Ga biyu. Ina na ukun?
Masu awo arba'in ne a kasuwar.
Tukunya ba ta zama a kan dutse biyu.

Gaskiyarsa. Haka yake a takarda.
Amma ni na ga abin da shaida na biyu ya yi
lokacin da yake maimaita maganar:
ya turo leɓe gefen hagu,
ya ɗage gira,
kamar yadda ta yi rannan ta nuna rumfa ta bakwai.
Duk Bahaushen da ke ɗakin ya karanta.
Alƙali yana kallon takarda.
Rantsuwata a kan kalmomi ce,
ba wanda ya taɓa rantsar da ni a kan leɓe.
Na yi shiru.

Ukasha ya roƙa a gwada mudun.
Aka kawo na hukuma, aka zuba, aka shafe baki.
Daidai, ko ƙwaya ba ta yi saura ba.
Magatakarda bai rubuta ba,
don ba mudu ake wa shari'a ba.

An kori ƙara.
Kafin la'asar kasuwa ta yanke nata hukuncin:
zagin kasuwa ne, wa ya aike shi ya amsa?
In ba rami, me ya kawo maganar rami?
Da ana raɗa shi ne,
yanzu ya sa hannu da hatimi.

Manoma suka riƙa wuce rumfa ta bakwai
suna gaishe shi daga nesa.
Kafin a yanke dawa ya rufe.

Jiya na gan shi a tashar motar Sinnar,
da katifa a naɗe, da yara biyu, da mudun.
Na so in kauce, ya riga ya gan ni.
Ya riƙe hannuna ya daɗe, ba fushi a fuskarsa.
Ya ce, "Malam Zubairu, ka fassara daidai."

Har yanzu ta ƙofar kasuwa nake bi in je aiki.
Tasalla takan miƙo mini shayi,
ta ƙi karɓar kuɗi.
Na ce ta ƙara sukari, ta ƙara.
Na sake cewa ta ƙara.